Zuwa ga Edita: Reshen da ya manta da saiwar da ke ɗauke da shi

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mu Kiristoci masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa muke fassara shi a yau, alhali da yawa daga cikinmu sun manta cewa a gidan Yahudawa bangaskiyarmu ta tsiro. Ni ba fasto ba ne. Tsohon malamin makaranta ne da aka danƙa wa ajin nazarin Littafi na manya a sashen Hausa na ikilisiyarmu a Narayi, kuma abin da ya faru a wannan aji ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata Lahadi muna karanta Luka sura 4, inda Yesu ya shiga majami'ar Yahudawa ta Nazarat ran Asabar kamar yadda ya saba, aka miƙa masa naɗaɗɗen littafi, ya tashi tsaye ya karanta, sannan ya zauna ya yi bayani. Kafin mu kai ayar da ta faɗi sunan littafin, na ce kowa ya rufe nasa, na tambaya ko wane littafi ne aka miƙa masa. Wata dattijuwa 'yar zumuntar mata, wadda ta fi shekara 40 tana zuwa sujada, ta ce Linjilar Matiyu ce, mutane da dama suka gyaɗa kai. Da na ce littafin Annabi Ishaya ne, kuma a ranar babu shafi ko ɗaya na Sabon Alkawari da aka rubuta, sai wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, kana nufin Yesu Bayahude ne? Ai su ne suka kashe shi." Ban ga laifinsa ba, domin abin da aka shayar da shi ke nan, kuma mu ne masu shayarwar.

Yesu Bayahude ne, uwarsa Maryamu Bayahudiya ce, manzanninsa 12 duka Yahudawa ne. An yi masa kaciya a rana ta takwas, ya riƙa hawa Urushalima domin idodi, kuma jibin da muke tunawa da shi a teburin Ubangiji a lokacin Idin Ƙetarewa aka ci shi. Ranar Fentikos da muke murna da ita idi ne na Yahudawa tun kafin a haifi ikilisiya, shi ya sa ma aka sami taron mutane daga ƙasashe daban-daban a birnin. Da aka tambaye shi doka mafi girma, bai ƙirƙiro sabuwa ba: ya ɗauko umarnin ƙaunar Allah da zuciya ɗaya daga Maimaitawar Shari'a sura 6, wanda Yahudawa ke karantawa safe da yamma har gobe, ya haɗa da umarnin ƙaunar maƙwabci daga Littafin Firistoci sura 19. Kalmomin Amin da Halleluya da Hosanna da muke rerawa duk Ibrananci ne. Lokacin da aka rubuta wa Timoti cewa kowane Nassi hurarre ne na Allah, littattafan da muke kira Tsohon Alkawari ake nufi. A cikin littattafai 66 da ke hannun yawancinmu, 39 daga can suke, kuma 'yan'uwanmu Katolika suna da ƙari a kan haka. Game da kisan kuwa, gicciye hukunci ne na Romawa, gwamna Bilatus ne ya yanke shi, da sa hannun wasu manyan firistoci na wancan zamani, ba al'umma gaba ɗaya ba, balle jikokin jikokinsu.

Manzo Bulus, wanda da bakinsa ya ce shi Bafarisiye ne, wato ɗan ɗarikar Yahudawa masu tsananta bin Shari'ar Musa, kuma ɗan kabilar Biliyaminu, ya hango wannan mantuwa tun da wuri. A Romawa sura 11 ya kwatanta mu, mu da ba Yahudawa ba, da reshen zaitun na jeji da aka aura wa itacen zaitun na gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu lambun dashe a bakin kogin Kaduna ya san yadda ake auren mangwaro: a tsaga kan ƙaramin itace, a fiƙe reshen wani, a cusa, a ɗaure da leda har su kama juna. Mai lambu reshe mai kyau yake ɗaukowa ya ɗora a kan itacen gargajiya, amma Bulus ya juya al'amarin, ya ce na jejin ne aka ɗora a kan mai kyau, saɓanin yadda aka saba, domin kada mu sami abin fahariya. Sannan ya faɗa wa reshen ƙarara cewa ba shi ke ɗauke da saiwar ba, saiwar ce ke ɗauke da shi. Ban taɓa jin an yi wa'azi a kan wannan aya a gabana ba, sai dai ko ranar ina gida da zazzaɓi.

Akwai wani mutum mai suna Markiyon wanda ya koyar da cewa Allahn Tsohon Alkawari dabam ne da Uban Yesu, ya jefar da littattafan Yahudawa duka, kuma ikilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144. An kori mutumin, amma koyarwarsa tana nan tana yawo a tsakaninmu. Kana jin ta a bakin mai cewa Allahn can mai fushi ne, na nan mai ƙauna, kamar bai taɓa karanta Zabura 103 ba, wadda ke yabon jinƙai da ƙaunar Allah a cikin Tsohon Alkawari. Kana jin ta yayin da aka mai da kalmar Bafarisiye zagi, alhali Nikodimu Bafarisiye ne, haka ma Gamaliyel da ya hana majalisa kashe manzanni. Irin wannan karatu ya yi ɓarna mai yawa a Turai tsawon ƙarnuka, ya kuma taimaka wajen share fagen ƙiyayyar da ta kai ga hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a zamanin Hitila. Sai a 1965 Ikilisiyar Katolika ta fitar da sanarwa a babban taronta na Fadar Vatican cewa ba za a ɗora alhakin mutuwar Almasihu a kan dukkan Yahudawan wancan lokaci ko na yau ba. Mu mazauna Kaduna ba ma bukatar a koya mana abin da ke faruwa idan aka ɗora laifin mutum kaɗan a kan al'umma guda.

Sai dai kuma, Ya Edita, akwai wasu da suka kauce ta ɗaya gefen, kuma su ne suka fi yawa a 'yan shekarun nan. Za ka ga mai wa'azi ya yafa mayafin addu'ar Yahudawa, yana busa ƙahon rago a kan marasa lafiya, yana sayar da 'yar kwalbar mai ko gorar ruwa da aka ce daga kogin Urdun aka ɗebo. Ba ni da ja da wanda ya je ziyara Urushalima ya dawo ya liƙa JP, wato laƙabin maziyarcin Urushalima, a bayan sunansa, kuma ganin wuraren da ido yana buɗe wa mutum karatu. Amma tara kayan Yahudawa ba shi ne sanin Nassinsu ba, kuma wannan magana an riga an yanke ta a Ayyukan Manzanni sura 15, inda taron Urushalima ya ƙi ɗora wa sauran al'ummai kaciya da nauyin Shari'ar Musa, ya bar musu 'yan ƙa'idoji kaɗan kawai. Haka nan bai kamata a ɗauki kowace aya da ta ambaci Isra'ila a manna ta kai tsaye a kan ƙasar da aka kafa a 1948 da siyasarta ba, kamar babu Kiristoci Larabawa da ke sujada a Baitalami da Nazarat har yau.

Abin da nake nema shi ne mu riƙa tambaya, kafin mu ce aya tana magana da mu, wa aka fara faɗa wa, a wane hali, kuma me ya gane. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan ƙa'ida, domin mai tafsirin kirki ba ya tsallake sababin saukar aya. Ɗauki Irmiya 29:11, wadda ke maganar shirin alheri da Allah ke da shi, wadda ake bugawa a kalanda da bayan keken Napep. Wannan aya tana cikin wasiƙar da annabin ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa bauta a Babila. Wani mai suna Hananiya ya yi albishir ɗin ƙarya a Urushalima cewa cikin shekara 2 komai zai dawo daidai, Irmiya kuwa ya ce sai an cika shekara 70, don haka su gina gidaje, su yi lambuna, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi, su kuma yi masa addu'a. Yawancin waɗanda suka fara jin wasiƙar a can suka mutu. Wanda ya yanko aya ta 11 ita kaɗai ya yi wa matashi alkawarin biza ko kwangila kafin ƙarshen wata, maganar Hananiya yake yi da bakin Irmiya, ya kuma hana mutanen wannan gari jin aya ta 7, mai maganar neman zaman lafiyar birni, wadda a ganina ita muka fi bukata a duka ɓangarorin kogin Kaduna.

Haka batun zakka. Ana yawan karanta mana Malakai sura 3, amma da wuya a buɗe Maimaitawar Shari'a sura 14, inda aka ce a kowace shekara ta uku a tara ushirin amfanin gona a cikin gari domin Lawiyawa, wato kabilar masu hidimar ibada, da baƙi da marayu da gwauraye su ci su ƙoshi. Ko dokar ido a bakin ido, da ake kafa hujjar ramuwa da ita, malaman Yahudawa na dā sun fassara ta da biyan diyya.

Kakanninmu sun sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a ciki, kuma ba su tsaya a Sabon Alkawari ba, sun juya mana shi tun daga Farawa. Ina roƙon makarantun horar da fastoci da masu bishara su ba tarihin Yahudawa da al'adunsu muhimmanci a karatun da ake yi da Hausa, ba a sashen Turanci kaɗai ba, ina kuma roƙon wannan jarida ta buɗe fili ga masanan da suka fi ni ilimi su yi mana bayani, ko su gyara mini inda na yi kuskure. A namu ajin mun ajiye Luka na ɗan lokaci mun koma Ishaya sura 61, wurin da Yesu ya karanta a Nazarat, kuma saurayin nan ne na ba aikin karanta mana ita Lahadi mai zuwa.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Narayi, Kaduna.