Sanarwa ga Masu Son Haɗa Nazarin Laifuka da Kimiyyar Siyasa

Assalamu alaikum, ƴan uwa mambobin wannan rukuni.

Tambayoyi sun yawaita kwanan nan game da karatun nazarin laifuka haɗe da kimiyyar siyasa a jami'a, shi ya sa na ga ya dace in amsa su a wuri guda.

Dalilin haɗa fannonin biyu shi ne, majalisa ce ke yanke abin da doka za ta kira laifi, kuma ƴan siyasa ne ke zaune a majalisar. A Amurka, sayar da barasa laifi ne daga 1920 zuwa 1933, sannan aka soke haramcin, abin da ake kama mutum a kansa jiya ya koma kasuwancin da doka ta yarda da shi. A aji za ku ci karo da Cesare Beccaria, masanin shari'a ɗan Italiya, wanda tun 1764 ya nuna cewa tabbacin za a hukunta mai laifi ya fi tsananin hukuncin tasiri wajen hana aikata laifin, da kuma Edwin Sutherland, masanin zamantakewa ɗan Amurka, wanda a 1939 ya karkato da hankalin masana zuwa laifukan manya masu zaman ofis.

Abin da ɗalibai suka fi rainawa shi ne darasin ƙididdiga, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar, domin alƙaluman ƴan sanda ba sa ƙunshe da laifukan da ba a kai rahotonsu ba, kuma sai wanda ya iya lissafi yake gane wannan giɓi.

A lura cewa wannan digiri ba ya ba mutum izinin aikin lauya. Mai sauran tambaya ya turo ta nan cikin rukuni domin kowa ya amfana.