Zuwa ga Habu, kan rawar hannun Baffa

Habu mutumina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina su Inna, ya amarya? Na san za ka ce na yi watsi da zumunci, to kai ma ai sai da hannun Baffa ya fara rawa ka tuna da ni.

Mai maganin Indiyan da ya ce muku "vata" ita ce jijiya, rabi ya faɗa. A Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, abubuwa 3 ke riƙe da jiki: vata ita ce iska mai motsi, pitta zafi mai narkar da abinci, kapha danshi da maiƙo. Vata sun kasa ta gida 5: prana a kai, udana a ƙirji da maƙogwaro mai fitar da magana, samana a ciki, vyana mai zaga jiki daga zuciya, sai apana a mara, mai fitar da fitsari da bayan gida da jariri. Yawancin wannan aikin ƙwaƙwalwa ne da laka da jijiyoyinsu, shi ya sa ake haɗa su. Littafin Charaka, wani tsohon littafin maganinsu, ya lissafa cututtukan vata har 80. Amma a wurinsu gidan vata babban hanji ne, don haka babban maganinta basti, wato ɗura mai da ruwan magani ta dubura, sai shafa man riɗi mai ɗumi. Shafar tana sassauta jiki, amma ba ta maido da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu.

Garin da ya sayar muku, wai kapikacchu, wallahi ƙarara ce! Wadda Ɗanjummai ya zuba wa Ado a riga. (Da gaske Ado ya ƙara ta uku? Da wane albashin?) Da 'ya'yan ƙarara Indiyawa ke maganin kampavata, ciwon karkarwa, kuma akwai gaskiya a ciki: a 1937 masana biyu a Indiya suka ciro sinadarin L-dopa daga 'ya'yan, wanda shi ne maganin asibiti na Parkinson, cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa. Matsalar awo ce. Sinadarin kusan kashi 4 zuwa 6 ne cikin 100, kuma cokalin wannan kwalba ba ɗaya yake da na waccan ba. Na asibiti ana haɗa shi da carbidopa, mai hana shi lalacewa kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Garin ba shi da ita. In ya yi yawa sai tashin zuciya, amai, jiri in an miƙe, da fizge-fizgen gaɓoɓi. Kada a haɗa masa da ƙwayar asibiti ba da sanin likita ba.

Yau ka zauna kusa da Baffa ka lura. In hannun na kan cinya yatsu na murzawa kamar mai jan carbi, rawar ta lafa da ya miƙa hannu, ga tafiya ta zama gajerun taku, alamun Parkinson ke nan, likitan ƙwaƙwalwa za ku gani. In kuwa sai ya ɗaga kofin shayi take tashi, wata cutar ce daban, a auna masa maƙoƙo, ƙarara ba ruwanta. In baki ya karkace ko hannu ya mutu farat ɗaya, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a bar man riɗi a nufi asibiti, allurar narkar da gudan jini awa 4 da rabi kawai take da shi.

Ka turo min hoton kwalbar gaba da baya, don wasu haɗin nasu akwai dalma a ciki. Yajin da Inna ta yi alkawari kuma har yau shiru, ko kai ka cinye?

Naka,
Lawal