A kula da likitocinmu masu tarar annoba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan likitocin da ke shiga ƙauyuka idan annoba ta ɓarke.

Da daminar 2018, lokacin da kwalara ta afka wa yankin Madarunfa, ɗan ƙanena na cikin waɗanda ta kwantar. Da idona na ga wani matashin likita durƙushe gaban gadon masu kwalara mai rami a tsakiya, yana laluben jijiya a hannun yaron da ya bushe kamar kara, har ya samu ya ɗaura masa ƙarin ruwa. Da gari ya waye sai ya hau babur ya nufi garinmu, yana bin gida gida yana tambayar rijiyar da aka sha, wa ya je zaman makoki, wa ya tsallako daga Jibiya cin kasuwa. A nan na gane aikinsu ya wuce ba da magani, bin sawun cuta suke har inda ta fito.

Kwalara ta dawo a 2021, sanƙarau kuma ba ya nisa da mu in zafi ya kama. Amma da ƙura ta lafa sai mu manta da likitocin nan, abin yana damuna ƙwarai.

Ina kira ga hukumomi da su tallafa wa ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maradi masu sha'awar wannan fanni, a kuma riƙa biyan na bakin aiki haƙƙinsu kan lokaci.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Maradi