Wasiƙa: Ranar 18 ga Yuni ku miƙa wa masu otizim makirfo

Ranka ya daɗe Edita,

Na saurari shirinku na ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa otizim, wato yanayin da ke shafar yadda mutum ke magana da cuɗanya da mutane. Likita ya yi magana, iyaye sun yi kuka, amma har aka rufe shirin ban ji muryar mai abin ko ɗaya ba. Wani da ya bugo waya ma ya yi dariya da aka ce a wasu ƙasashe masu otizim na alfahari da shi. Ya ce wa ke alfahari da ciwo? Shi nake son ba wa amsa.

Ƙanena mai otizim ne, yana da shekara 19. Sai da ya kai biyar ya fara magana. In aka ta da janareto ko aka saki kiɗan biki a unguwa, yakan toshe kunnuwa ya duƙunƙune a bayan randa, wani lokaci har ya riƙa buga kai a bango. Innarmu ta sha yawo da shi: rubutu, hayaƙi, ruƙiyya, duk an yi, don kowa cewa yake taɓin aljanu ne. A lakwal wata uku ya yi aka maido mana shi. Saboda haka kada wani ya koya mini wahalar abin, a ɗakinmu take kwana.

Abin dariya ma, rashin kallon mutum ido da ido, wanda likitoci ke lissafawa cikin alamomi, mu a nan ladabi muka ɗauke shi. Shi ya sa muka makara wajen ganewa.

To amma ku zo kasuwar dabbobi ta Turaku ku gan shi gab da sallar layya. Zai tsaya shiru gaban garke, can sai ya nuna rago ɗaya ya ce, "Wannan ba ya tuƙa." In aka duba, sai a tarar ragon ba lafiya. Dillalan da a da suke kiransa dolo yanzu su ke tura yaro gida ya kira shi. Kunnen da ke hana shi zaman biki, shi ne ke jin numfashin dabba ya canza. Ban san yadda za a cire ɗaya a bar ɗaya ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Temple Grandin ta Amurka, wadda ita ma mai otizim ce da ta yi jinkirin magana, ta lura cewa inuwa a ƙasa ko sarƙa mai lilo kan sa saniya ta turje. Da wannan idon ta zana hanyoyin shigar da shanu masu lanƙwasa da manyan mahautan ƙasarsu ke aiki da su, ta kuma zama farfesa. Ba na cewa kowane mai otizim gwani ne. Akwai waɗanda har tsufa sai an yi musu wanka, kuma su ma ba abin ɓoyewa a ƙuryar ɗaki ba ne.

Ina jin kalmar alfahari ce ke rikita mu, don mun taso da sanin cewa girman kai haramun ne. Abin da suke nufi shi ne daina jin kunyar yadda Allah ya halicce su. Na taɓa tambayar ƙanena ko yana so a ce ya zama kamar kowa. Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "Ƙarar nake so a rage, Yaya." Bai ce a canza shi ba.

Tun 2005 masu otizim da kansu suka ware 18 ga Yuni a matsayin ranar alfaharinsu. In ta zagayo, ku gayyato su. Ku kashe kiɗan buɗe shiri, kuma in kun yi tambaya ku yi haƙuri ku jira. Ƙanena zai zo, in dai za ku fara da zancen raguna.

Mai sauraronku,
daga unguwar Lazare, Yamai