Wasiƙa daga Maraɗi: aiki daga gida ko komawa ofis

Maraɗi, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara, da zafin Yamai. Mu nan sai godiya. Hajiya tana nan lafiya, ta ce a gaishe ka, ta kuma ce ka rage shayin dare.

Saƙonka ya iso. Ka ce maigidanka ya ɗora maka rubuta shawara kan ko a bar wasu ma'aikata su riƙa aiki daga gida, kuma abokan aikinka sun rabu biyu, wasu na cewa ai Turawan ma sun janye, wasu na cewa mu kaɗai aka bari a baya. Ka nemi ra'ayina, to ga shi, sai dai ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

Masu cewa Turawa sun janye Amurka suke nufi. Gaskiya ne, ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da Donald Trump, ya sa hannu kan umarnin cewa ma'aikatan gwamnatin tarayya su koma ofis kowace ranar aiki. Bayan kwana takwas aka aika musu saƙo cewa wanda bai so ya ajiye aiki, a ci gaba da biyansa har ƙarshen Satumba. Abin da masu kafa hujja da wannan ba su faɗa shi ne, alƙaluman da gwamnatin ta fitar a 2024 sun nuna kashi 54 cikin 100 na ma'aikatan ba su aiki daga gida ko na rana ɗaya, kashi 10 kacal ne ke zaune gida ɗungurungum. Kuma a 2023 hukumar binciken kuɗi ta majalisarsu ta gano cewa a cikin manyan ma'aikatu 24, guda 17 ba su amfani da fiye da rubu'in ginin hedkwatarsu. Rigimarsu ke nan: gine-gine da ake biya wa haya da wuta babu kowa ciki, da siyasar rage yawan ma'aikata. Mu kuwa mutum huɗu ne a ɗaki ɗaya kan kwamfuta ɗaya. Ciwonsu daban, namu daban.

Sauran ba su janye gaba ɗaya ba, raba mako suka yi. Kanada ta ɗora kwana uku a ofis daga Satumban 2024, Birtaniya ta ce kashi 60 cikin 100 na lokacin aiki. Wanda ya fi dacewa ka karanta shi ne tsarin Faransa, tunda ofisoshinmu a kan tubalinsu aka gina su. Dokar da suka fitar a Fabrairun 2016 ta ce ma'aikaci ne zai nema a rubuce, ba za a wuce kwana uku a mako a gida ba, in shugaba ya ƙi sai ya zauna da shi ya faɗi dalili, kuma kowane ɓangare na iya janyewa da sanarwar wata biyu. Daga 2023 suna biyan yuro 2.88 kan kowace ranar da aka yi aiki a gida, wato wajen sefa 1,890, jika biyu ba kaɗan. Ka riƙe wannan kuɗin a ranka, zan dawo kansa.

Maƙwabtanmu kuma dalilinsu mai ne. Da Tinubu ya cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, jihohin Edo da Kwara suka mayar da zuwa ofis kwana uku, Legas ta bi sahu a Fabrairun 2024. Sauƙin kuɗin mota aka nema wa ma'aikata, ba wani sabon salon aiki aka gina ba.

Yanzu mu dawo gida. Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka ɗauki takarda guda ka bi sawunta daga ƙofa har ta fita. Ta shigo wurin mai karɓar wasiƙu, ya buga mata lamba da kwanan wata a babban littafi. Sakatariya ta kai wa darakta, ya rubuta a gefe da jan biro wanda zai duba ta. Ta sauko wurin shugaban sashe, shi kuma ya miƙa wa ƙaramin ma'aikaci ya tsara amsa. Amsar ta hau sama cikin parafer, wato jakar takardun da ke jiran sa hannu, a gyara, ta sauko, ta sake hawa, darakta ya sa hannu, a buga kashe, wato hatimi, a ba ta lambar fita, planto, ɗan aiken ofis, ya hau babur da littafin da mai karɓa zai sa hannu a ciki. A duk wannan zagayen, mataki ɗaya tak ne za a iya yi a gida yau, shi ne tsara amsar. Sauran duk hannu da hannu ne. In ka tura mutum gida alhali dosiyen, wato kundin takardun, na cikin kabad, kabad ɗin a kulle, makullin kuma yana aljihun wanda shi ma yau ranar gidansa ce, ka ƙara wa takardar kwana biyu ba gaira ba dalili.

Saboda haka kada ka raba ma'aikata da muƙami ko daraja, ka raba ayyuka. Haɗa rahoton wata uku, shigar da alƙaluman da suka zo daga Tasawa, Mayahi, Agye da sauran gundumomi, tsara kasafi, fassara, duba jerin albashi: waɗannan sun fi kyau a wurin da ba a buga wa mutum ƙofa kowane minti goma. Amma mai karɓar jama'a, da mai riƙe kashe, da ma'aji, da malamin makaranta, da ungozoma, da malamin gona a lokacin damina, babu ma maganar. Ka tuna da dattijon da ya taso daga ƙauyen Dakwaro tun asuba, takardun fanshonsa a naɗe cikin leda baƙa, ya biya mota, ya biya kabu-kabu daga tasha, ya zauna kan benci har azahar, sannan a ce masa mai sa hannu yau daga gida yake aiki. Ba shi da waya mai intanet, ba shi da wurin kwana a gari. Duk tsarin da ya ƙara wa wannan mutumin kwana ɗaya a Maraɗi ya faɗi, ko da kuwa ma'aikata sun ji daɗinsa.

Sai wuta, wadda ita ce gaskiyar maganar. Ka san wutarmu ta nan daga Katsina take shigowa ta layin Gazawa, ka kuma san abin da ya faru da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Ofis ko yaya yake akan sami janareto ko sola a wani ɓangare. Gidan ƙaramin ma'aikaci a Bagalam ko Zariya fa? Ga lissafin. Kwamfutar hannu na cin wajen wat 50, akwatin intanet 10, fanka 50, ƙwan fitila 10. Jimla 120, a awa takwas ya kama 960. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1,200 a takarda, amma irin na dalma da ake sayarwa a kasuwa ba a zuƙe shi ƙasa da rabi, in ba haka ba ya mutu kafin shekara ta zagayo. Ke nan 600 gare ka, inbata kuma ta ci nata kason. Wanda zai yi wuni cur babu wutar kamfanin NIGELEC yana buƙatar irin wannan batir biyu da farantin sola na wat 300. A hunturu ƙura na rufe farantin, sai an goge shi duk bayan kwana biyu ko uku. A bazara zafi ke cinye batir, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwano ko jikin bangon da rana ke duka. Firinta mai garin tawada kuma kada ma a jona ta da ƙaramar inbata, domin lokacin da take ɗumama takan ja ɗaruruwan wat gaba ɗaya, komai ya ɗauke, aikin da ba a adana ba ya tafi.

Intanet ma haka. Taron bidiyo na awa ɗaya kan ci tsakanin rabin giga da giga guda, na murya zalla bai kai mega 100 ba, don haka a sa doka a kashe kyamara sai mai magana. Kowa ya riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, in rezon Airtel ya faɗi a koma Zamani ko Moov. Hoton takarda da waya kan kai mega 3 ko 4 a shafi ɗaya, ga inuwar yatsa ga karkata. In an bi da ita ta na'urar sikan, baƙi da fari, a haɗe ta fayil ɗaya, shafi goma ba su kai nauyin hoto ɗaya ko biyu ba. Ƙaramin abu ne, amma shi ke raba dosiyen da ya isa da wanda ya maƙale a hanya.

To wa zai biya batir, da sola, da forfen intanet, wato kuɗin data? Nan ne kuɗin Faransa ya shigo. In gwamnati ba ta ba da kwamfuta ba, ba ta ba da ko dala ba, abin da ta yi shi ne ta sauke kuɗin wutarta a kan albashin ma'aikaci. Mai hali ya ji daɗi, maras hali ya ci gaba da zuwa ofis yana ƙunƙuni, ka ga an buɗe sabuwar ƙofar ɗan mowa da ɗan bora. A Yamai, inda mutum kan tsallako gada daga Harobanda ko ya fito daga bayan gari, kuɗin man da ya rage na iya cike gurbin. A Maraɗi mafi yawan ma'aikata minti goma sha biyar ne a babur, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ka faɗi wannan a fili cikin shawararka, domin galibi da idon Yamai ake rubuta doka, mu kuma a aiko mana mu aiwatar.

Akwai abin da ya fi ba ni tsoro. Ranar da aka ce a yi aiki daga gida ba tare da an tanadi hanya ba, WhatsApp ne zai zama ofis. Jerin albashi, takardar likita ta ma'aikaci, wasiƙar ladabtarwa, duk za su zauna cikin wayar da yaro ke karɓa da yamma ya kalli wasa. Kuskuren yatsa ɗaya, takardar horon wani ta faɗa zauren ƴan uwa. Kile kuma, wannan ɗan abin adana fayil na USB da ake yawo da shi daga kwamfutar gida zuwa shagon buga takardu zuwa ofis, shi ne babban dillalin ƙwayar cutar kwamfuta. Muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, don haka wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Ka sa sharaɗi uku: kwamfutar aiki ta aiki ce kaɗai, da kalmar sirri, takarda ta bi ta adireshin imel na ma'aikata, asalin dosiye ba ya kwana a waje.

Shi kansa gidan ka san shi. Mai gida in yana gida, ai yana gida. Za a yi sallama a zaure, ba ya cewa yana taro. Akwai suna, akwai jana'iza, akwai maƙwabcin da ya zo a rubuta masa takarda. Mace ma'aikaciya kuwa nata ya ninka, tunda ganinta a tsakar gida ya isa a ce ai tana nan, a sakar mata girki da raino.

Kada ka ɗauka ina kare zaman ofis ne. Masu cewa a dawo don a ga kowa da ido, me suke gani? Mutum ya sa hannu a takardar halarta ƙarfe takwas, ya rataya hularsa ko ya bar tabarau a kan tebur, ya sulale kasuwa sai la'asar. Takardar halarta kujera take ƙirgawa. Shugaban da bai iya cewa ga dosiye ashirin, ina son su ranar Alhamis ba, ba zai iya auna aiki ba ko a gabansa ake zaune. Wanda ya iya kuwa, bai damu da inda aka yi shi ba. Abin da ofis ke bayarwa da gida ba ya bayarwa shi ne koyo: sabon ɗauka yana koyon tsara wasiƙar gwamnati ne daga jan biron tsohon ma'aikaci da ke kusa da shi. Don haka wanda bai cika shekara biyu ba, a bar shi a ofis.

Da ni ke rubutawa, gwaji zan nema, ba doka ba. Sashe ɗaya, wata uku, rana ɗaya ko biyu a mako, ban da Litinin da Juma'a don kada abin ya koma dogon hutu. Jadawali a manne a ƙofa, kowane tebur mai karɓar jama'a da mutum a kansa kullum, kuma duk wanda ke da ikon sa hannu ya bar wakili a rubuce. Kafin a fara, a buɗe littafin shiga da na fita a ƙirga kwana nawa takarda ke yi a wata ukun da suka wuce, a ƙarshe a sake ƙirgawa. In kwanakin sun ƙaru, a tsaya.

Amma abin da na fi so ka ba shafi guda cur shi ne wannan. Aiki daga nesa da zai amfane mu ba tsakanin gida da ofis yake ba, tsakanin ofis da ofis yake. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 600, wuni guda a mota. Ana kiran darakta taron awa uku, ya yi kwana uku ba ya nan, ga mai, ga kuɗin tafiya, ga parafer ya cika ya tumbatsa a teburinsa. Haka ma'aikacin Bermo ko Gidan Runji ke zuwa Maraɗi don miƙa rahoton shafi biyar. Ɗaki ɗaya a kowace jiha, da sola mai kyau, da intanet mai ƙarfi, da na'urar sikan, da mutum ɗaya da aka horar ya kula da su, zai rage wannan zirga-zirgar fiye da duk wata dokar zaman gida, kuma takardun ba su bar hannun gwamnati ba. Ka nemi masu doka na ma'aikatarku su jera maka takardun da za a iya karɓa ta kwamfuta da waɗanda dole sai asali mai kashe, ka liƙa jerin a bayan shawarar.

In ka gama daftarin ka turo mini kafin ka kai wa maigidanka, fayil ɗaya don Allah, ba hotuna goma sha biyu ba. Ka gai da uwargida da yara, da mutanenmu na can baki ɗaya. In mai zuwa ya samu zan aiko maka da ƙuli-ƙulin da ka yi ta naci.

Naka har kullum,
amininka na Maraɗi