Farcen Manne: A Riƙa Cirewa Da Dabara, A Ba Farce Hutu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu yi magana da 'yan'uwa mata a kan farcen manne, wanda yanzu da wuya a je biki ba a gan shi a hannun amarya da ƙawayenta ba. Iri-iri ne. Akwai na leda mai gam a bayansa da ake liƙawa a goge bakinsa, akwai mai jel da ake gasawa a ƙarƙashin ƙaramar fitila na kimanin minti 1 ya ƙame, akwai kuma farcen roba da ake ɗiga wa gam a ɗora. Ko wanne aka sa, ƙorafin ɗaya ne bayan an cire: farce ya yi laushi, bakinsa yana ɓarewa, ko ya yi dabbare-dabbaren fari.

A shagunan kwalliya an saba cewa a bar farce "ya sha iska". Shawarar tana da kyau, dalilin ne ba daidai ba. Farcen da muke gani ba ya numfashi, ba shi da rai, shi ya sa ba a jin zafi idan an yanke shi. Rayayyen ɓangaren yana gindi, a ƙarƙashin fata, kuma jini ne ke ciyar da shi. Abin da ya biyo bayan wannan shi ne farcen da ya lalace ba ya gyaruwa, sai dai sabo ya turo shi waje a yanke. Farcen hannu yana tsiro kusan milimita 3 a wata, yana ɗaukar wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta daga gindi zuwa baki. Na ƙafa ya fi nawa, yana kai wata 12 zuwa 18. Don haka duk mai tallar man da zai "mayar da farce sabo a kwana 3" kuɗi kawai take nema.

Mafi yawan ɓarnar ba a zaman farcen take faruwa ba, a wurin sawa da cirewa ne. Kaurin farcen hannu bai wuce rabin milimita ba, kuma shimfiɗa-shimfiɗa yake kamar ɓawon albasa. Kafin a liƙa, mai gyara tana goge samansa don gam ya kama. Ƙyallin kawai ya kamata ta kashe. Idan ta danna abin gugar da ƙarfi, ko ta sa inji, ta ci kaurin farcen, kuma wanda aka ci ba ya dawowa. Alamar an wuce gona da iri ita ce jan tabo a tsakiyar farce da jin zafi idan an sa hannu a ruwan ɗumi. Sai kuma ranar da gefe ya fara ɗagawa, mace ta sa haƙori ko ɗan yatsa ta ɓanɓare. Gam ɗin ya fi saman farcen ƙarfi, don haka yana tafiya da shi. Wannan farin da ake gani, wurin da aka ɗaye ne.

Ga yadda ake cirewa. Na leda ba ya buƙatar komai sai mai da haƙuri: a jiƙa hannu a ruwan ɗumi minti 5, a ɗiga man zaitun ko na kwakwa a gefen da ya ɗaga, a riƙa tura tsinken katako mai faɗin baki daga gefe zuwa tsakiya a hankali. Inda ya ƙi, a ƙara mai a jira. Na roba da mai jel kuwa sai da asiton, wato ruwan sinadarin da ke narkar da gam da fentin farce. A fara rage tsawon, a goge ƙyallin saman, a shafa basilin a fatar da ke zagaye don kada ta ƙone. A jiƙa auduga daidai girman farcen, a ɗora, a naɗe yatsan da takardar alminiyam ko leda, a bari minti 10 zuwa 15. Abin da ya narke a ture shi da tsinke, wanda ya rage a sake naɗewa minti 5, kada a kankare. Asiton yana kama wuta nan take, saboda haka ba a yin wannan aiki kusa da risho, gas ko kaskon turaren wuta. A ƙarshe a wanke hannu da sabulu a shafa mai.

Tsawon hutun ya danganta da abin da ido ya gani. Farcen manne bai kamata ya wuce mako 2 zuwa 3 a hannu ba, domin farcen asali yana tsiro, a sami rata a gindi, nauyi ya koma baki, ɗan buguwa kaɗan ya karye har cikin nama. Idan an cire an ga farcen sumul, launinsa bai sauya ba, hutun mako 1 zuwa 2 ya isa. Idan ya yi laushi ko yana ɓarewa, a auna da tsironsa: ɓarnar da ke tsakiyar farce tana buƙatar wajen wata 2 kafin ta kai inda za a yanke, wadda ke gindi kuma wata 4 ko fiye. Sake liƙa sabo a kan farcen da ya riga ya yi siriri shi ne ke jefa mata cikin halin da ba sa iya zama ba tare da shi ba, kullum ana rufe ɓarna ana ƙara wata.

A lokacin hutun a yanke farcen gajere, a riƙa goge bakinsa ta fuska ɗaya. Man kaɗe ko basilin sau 2 ko 3 a rana, musamman bayan wanke-wanke da lokacin kwanciya, a mulka har gindin farcen. Farce yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma wannan kai-komon ne ke tsattsaga shi, balle da hunturu. Mai yawan wanki da omo ko bilic ta nemi safar hannu ta roba. Siririyar fatar gindin farce kuma a bar ta, ita ce ke toshe hanyar ƙwayoyin cuta. Yanke ta ne kan jawo kumburin gefen yatsa mai tara mugunya.

Akwai abubuwan da hutu kaɗai ba ya maganinsu. Idan gefe ya ɗaga ruwa ya kwanta tsakanin robar da farce, wata ƙwayar bakteriya mai suna Pseudomonas tana samun wurin zama, ta rina farcen kore. Kada a rufe shi da sabo. A cire, a yanke, a bar wurin a bushe, idan yana faɗi ko yana ciwo a je asibiti. Tabon kansa ba ya goguwa, tsirowa yake yi ya fita. Haka idan farce ya rabu da naman da ke ƙarƙashinsa, ko ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa, ko baƙin layi ya fito a farce ɗaya yana ƙara faɗi, likitan fata ne ya kamata ya duba. Mai ciwon sukari kada ta jira ko kwana 2 a kan yatsan da ya kumbura.

Ƙaiƙayi da ƙuraje a yatsu, wani lokacin har a fatar ido, alama ce ta jiki ya ƙi sinadarin jel ko gam. A 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan yawaitar wannan matsala, kuma daga 2021 Tarayyar Turai ta taƙaita sayar da kayan farce masu HEMA, wani sinadari da ke cikin jel, ga masu sana'ar kaɗai. Matsalar tana faruwa ne idan jel ɗin da bai gama ƙamewa ba ya taɓa fata, misali idan fitilar ba ta da ƙarfi ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar gasawa. Wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, yawanci ya ƙi ke nan har abada, kuma ta faɗa wa likitan haƙori, domin dangin sinadarin ne a wasu kayan cikon haƙori. Super Glue na gyaran takalmi da wasu ke amfani da shi don araha, idan ya zube a kan atamfa ko auduga zafi yake ɗauka har ya ƙona fata.

Ga Musulma akwai batun alwala da wanka, domin leda da gam suna hana ruwa taɓa farce, ba kamar jan lalle ba da yake rini kawai. Shi ya sa da yawa ke sawa a kwanakin da ba sa salla. Matsalar ita ce gaggawar cirewa idan an sami tsarki, nan ne ake ɓanɓarewa da ƙarfi. Wadda ta san kwana 5 ko 6 kawai za ta yi da shi ta zaɓi na leda da mai ke cirewa, ta ce kada a goge mata farce, ta kuma ajiye man cirewar tun ranar da aka sa. Ma'aikatan jinya masu taɓa marasa lafiya kuwa, ƙa'idar tsaftar hannu ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 ta ce kada su sa farcen roba ko kaɗan, kuma bakin nasu na asali da ya zarce yatsa kada ya wuce rabin santimita.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar gyaran farce,
Kano.