Shekara biyu ba Umma

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili. Oktoba ne watan faɗakarwa kan sankarar mama, ni kuwa duk sanda ya zagayo sai Ummata ta faɗo min a rai, shekara biyu kenan da rasuwarta.

Abin ya fara ne da wani ɗan ƙullutu a nononta na hagu, ba ya mata ciwo ko kaɗan shi ya sa ta share, wai maruru ne zai baje da kansa, kuma kunya ta hana ta faɗa mana, wallahi har yau wannan abin yana ci na a rai. Sai da fatar wajen ta canja, hammatarta ta kumbura sannan muka kai ta asibiti, aka ɗebi ɗan nama aka gwada, likita ya ce sankara ce, ta riga ta bazu har ƙashi. Aka fara kemo, wato magani mai ƙarfi da ake yi wa masu sankara, gashi ya zube, ta rame sosai, amma kana shiga ɗakin ita za ta riga ka tambayar lafiya, har tsokanar nas-nas take a kan gadon, haka take dama, ba ta son a ga damuwarta.

Lambarta na nan a wayata na kasa gogewa. Wani lokacin in abin farin ciki ya same ni sai na ɗauko wayar sannan in tuna.

Masu karatu don Allah a saka ta a addu'a. Allah ya jiƙan ki Umma.

Taka,
Wata mai karanta jaridarku